Dusa a Cikin Gwangwani

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mun sha rubuta wannan karin magana a takardun jarrabawa, muna fayyace sigarsa da ma'anarsa domin neman maki, ba tare da mun taɓa zaton wata rana zai biyo mu har ɗakinmu ba. Hakin da ya tsone mana ido kuwa dusa ce, wato wadda muka tashi muka tarar ana zuba wa awaki da tumaki a bayan ɗaki. Ga yadda abin ya faru.

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya na haya a bayan wannan jami'a, dukkanmu 'yan Arewa ne da neman ilimi ya kawo mu Kudu. Tukunyarmu ɗaya, rishonmu ɗaya, asusun cefane ma ɗaya. Babbanmu ya shekara goma yana koyarwa a makarantar firamare kafin ya dawo karatu, yana da mata da 'ya'ya a gida, saboda haka muke kiran sa Yaya, kuma shi ke riƙe da kuɗin abinci. Tsarin cimarmu ba shi da wuyar haddacewa. Da safe shayi da farin burodi. Da rana taliyar leda, wadda kan nuna kafin mutum ya gama cire takalmi. Da dare farar shinkafa da mai da yaji, ko tuwon farin garin alkama na kanti da 'yar miyar tumatir tsararo. Wake kuwa mun yi hannun riga da shi, domin yana cin lokaci yana cin kananzir, ga shi kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin komai ya yi tashin gwauron zabo. Ganye sai dai mu hango shi a kan tiren masu talla. A ranmu gani muke mun ci gaba, tunda duk abin da muke ci fari ne tas, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi.

Sannu a hankali sai wani baƙon al'amari ya shigo ɗakin, kowa ya gan shi, amma babu wanda ya ambace shi. Makewayi ɗaya gare mu a gidan, kuma duk wanda ya ɗauki buta ya shiga, to sai an manta da shi. Na waje ya yi ta gyaran murya, na ciki ya yi ta fama, idan ya fito kuma a haɗa ido a kau da kai. Kwana uku, wani lokaci huɗu, ciki ya ɗaure tamau kamar ganga, amma idan an tambayi mutum lafiyarsa sai ya ce lafiya lau. Mu da muke nazarin harshe mun san cewa Bahaushe ko sunan wurin ba ya kira kai tsaye. Sai ya ce bayan gida, ko kewaye, ko ban ɗaki, ko ya ce zai zaga. Kunya ado ce, kuma da ita aka rene mu. Abin da ba a gaya mana ba shi ne, akwai inda takan hana mara lafiya buɗe baki har ciwo ya ci ƙarfinsa.

Yaya ne abin ya fi tsananta wa. Ashe ya daɗe yana ganin jini, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa basir ne, ya riƙa sayen wani jiƙo a wajen masu maganin da ke yawo da lasifika a bakin kasuwar Sabo. Idan ya sha sai ya wuni yana gudawa, ya ce ciwon ne ke fita, bayan kwana biyu ciki ya sake ɗaurewa fiye da da. A haka har jarrabawar ƙarshen zango ta zo. Ranar da ake rubuta takardar nazarin waƙa, wadda ya fi kowa iyawa a ajinmu, sai muka ga ya kasa zama a kan benci, yana ta muskutawa, gumi na keto masa. Bai kai rabin takarda ba ya miƙe ya fita, yana jan rigarsa ta baya don ya rufe abin da ya ɓata ta. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, wanda ya bar albashinsa da iyalinsa ya zo neman digiri, ga shi yana shirin asarar zango guda a kan abin da yake jin nauyin faɗa. A daren nan muka taru muka tilasta masa, washegari muka raka shi asibiti.

Likitar da ta duba shi dattijuwa ce Bayarabiya wadda ta yi ƙuruciyarta a Kano, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Da ta gama bincikenta sai ta nemi izininsa ta kira mu ciki, tunda ta ji tukunyarmu ɗaya. Ta ce masa, "Malam, ka yi sa'a, basir ne da 'yar tsagewa da yawan yunƙuri ya jawo. Amma ka sani ba kowane jini ne basir ba. Akwai wanda ciwon dajin hanji ne, mai shi na can yana shan jiƙo har lokaci ya ƙure. Wanda duk ya ga jini, ya zo a duba shi." Daga nan ta juyo kanmu ta ce, "Ku kuma 'ya'yana, me kuka ci jiya? Shekaranjiya fa?" Muka lissafa mata. Ta girgiza kai ta ce ai ba Yaya kaɗai ke ciwo ba, mu ma muna kan layi.

A nan ne muka fara jin bayanin abin da likitoci ke kira faiba, wanda a Hausa ake ce wa harza. Shi ne ɓangaren tsiro da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, yakan wuce ƙaramin hanji yadda yake har ya isa babban hanji. Iri biyu ne. Akwai wanda ba ya narkewa a ruwa, irin na dusar hatsi da ɓawon wake da jijiyar ganye, shi ke ƙara wa bayan gida auki ya hanzarta tafiyarsa. Akwai kuma mai jiƙa ya yi yauƙi, shi ke riƙe ruwa ya tausasa bayan gida, ya rage saurin shigar sukari cikin jini, ya kuma taimaka wajen rage mugun kitsen jini. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji suna ci daga harza, su kuma samar da sinadaran da bangon hanjin ke amfana da su. Bayan magungunan da ta rubuta wa Yaya, sai ta ƙara da wani gari da ake sayarwa a gwangwani a kantin magani, ta ce ya riƙa damawa yana sha kullum. Kuɗinsa ya kusa cinye cefanen mako guda, amma muka runtse ido muka saya.

Gari ne mai ruwan ƙasa-ƙasa, ba ɗanɗano ba ƙanshi. Da muka ga cikin 'yan kwanaki Yaya ya fara shiga kewaye ya fito ba tare da an yi masa gyaran murya ba, sai sauran mu uku muka ce ai abin nema ya samu. A nan muka tafka kurakuran da muke fatan mai karatu zai tsallake. Na farko, ƙaraminmu mai gaggawa ne, ya ɗebi cokali guda ya afa a baki, ya bi da kurɓin ruwa ɗaya. Nan take garin ya kumbura ya tsaya masa a maƙogwaro, idanu suka firfito, sai da ya shanye kofi biyu kafin ya dawo hayyacinsa. Ashe gargaɗin na nan rubuce a jikin gwangwanin, cewa kada a sha shi sai da cikakken kofin ruwa, kuma mai wahalar haɗiya kada ya kusance shi. Na biyu, wani daga cikinmu ya zuba a kokonsa ya tafi amsa sallama, kafin ya dawo koko ya sandare, cokali ya tsaya cak a tsakiya kamar an kafa tuta. Na uku kuwa, wanda ya fi ba mu kunya, shi ne mun fara da cokali uku-uku a rana ɗaya, muna ganin yawan shi ne saurin waraka. Mako guda cur ciki na ƙugi, alwala ba ta kai mu daga Azahar zuwa La'asar, har limamin masallacinmu ya fara duban yawan fitarmu daga sahu.

Da muka sha wuya sai muka koma wa umurnin likita, domin sannu ba ta hana zuwa. Aka fara da ƙaramin cokali ɗaya a rana, bayan mako guda a ƙara. A dama a cikakken kofin ruwa a sha nan take, a bi da wani kofin. In a abinci za a sa, to mai ruwa-ruwa ya fi, kamar koko ko kunu ko fura da nono, kuma a zuba a lokacin da za a sha. Mun gwada barbaɗa kaɗan a miya, ya ɓace ba a ji shi ba, sai dai ya ƙara mata kauri. Wanda ke shan wani magani kuma ya ba da tazarar kamar awa biyu tsakaninsu, domin yauƙin yana iya riƙe maganin ya rage shigarsa jiki.

Wata rana da dare muka zauna karanta rubutun jikin gwangwanin, irin karatun da ya kamata mu yi tun ranar farko. Ashe garin nan ɓawon ƙwayar wani ɗan tsiro ne da Turawa ke kira siliyam, Indiyawa kuma isabgul. Mafi yawansa a ƙasar Indiya ake noma shi, a jihohin Gujarat da Rajastan masu ƙarancin ruwan sama, a sheƙe ɓawon a niƙa a aika duniya. A Amurka tun 1934 ake sayar da shi a kantunan magani, kuma a 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yarda a rubuta a jikin kaya cewa harzarsa na iya taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya. Yaya ya yi shiru can, sa'an nan ya ce, "Wato dai ɓawo muka saya." Muka yi dariya muka kwanta.

Da hutu ya zo muka raka Yaya garinsu a ƙasar Gumel, domin ana bikin ƙanwarsa. Gwangwani na cikin jaka. Da safe kakarsa, wadda kowa ke kira Iya, ta gan shi yana damawa, ta ce a miƙo mata. Ta ɗebi kaɗan ta murza tsakanin yatsu, ta sansana, ta ɗanɗana, ta tambayi kuɗinsa. Da aka faɗa mata sai ta tafa hannu ta yi salati, ta ce, "Kai 'yan nan! Yanzu dusa kuka sa wannan kuɗi kuka saya? Ai da kun faɗa mini da na rage wa awaki rabonsu na ƙulle muku." Muka ce, "Iya, ai ku ma kuna surfe, kuna bakace dusar ku zubar." Ta ce, "Muna yi mana. Amma turmi ba ya yi wa hatsi tsirara yadda inji ke yi. Kuma mu da tuwo kaɗai muke rayuwa? Ina kuka, ina kuɓewa, ina karkashi? Ina kwaɗon zogale da na rama da tafasa? Yaro ya fita kiwo, kafin ya dawo ya ci magarya ya ci kanya ya gwagwiyi goruba. Ku me kuke ci a can?" Ba mu da amsa, don mun riga mun ba likita ita.

Gaskiyar Iya rabi da rabi ce ta fuskar ilimi, domin dusar gero da ta dawa harza ce marar narkewa, garin gwangwani kuwa mai yauƙi ne, ya fi kusa da kuɓewa da karkashi. Amma jerin abincin da ta lissafa ya haɗa iri biyun duka, ba tare da ta taɓa jin sunan ɗayansu ba. Abin mamaki kuma, daga tukwane irin nata ne likitocin Turai suka ɗauko darasin tun asali. Wani likitan fiɗa ɗan Ailan mai suna Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya lura cewa cututtuka irin su dajin babban hanji da kumburin 'yar hanji da basir, waɗanda suka yi katutu a Ingila, ba kasafai yake ganin su a wajen mutanen karkarar Afirka ba. Shi da abokan aikinsa ba su ji kunyar abin da muke jin kunya ba, har auna nauyin bayan gida suka yi da tsawon lokacin da abinci ke ɗauka kafin ya fita, suka tarar na mutanen karkara ya ninka na Turawa nauyi kuma ya fi saurin wucewa. Suka danganta bambancin da harzar da injinan niƙa suka cire daga abincin Turai. A 1979 ya wallafa littafi a kan haka domin jama'a, ya rasu a 1993. Bayan shekaru, a 2019, mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara binciken shekaru kusan 40, ya nuna masu cin harza da yawa sun fi masu cin kaɗan tsira daga ciwon zuciya da ciwon sukari da dajin hanji, da ragin kashi 15 zuwa 30 cikin 100. Wato a lokacin da Bature ke koyon cin abincin kakanninmu, mu kuma muna rige-rigen cin wanda yake gudu.

Kafin mu bar garin sai da aka ƙara tsone mana ido. A bayan gari akwai itatuwan dakwara, inda yara ke ɓamɓaro ƙaro suna tsotsa, mu kuma abin da muka san shi da shi bai wuce haɗa tawadar allo da sa wa hula ƙarfi ba. Ƙaron nan da ake samu a Jigawa da Yobe da Borno, da Chadi, da Sudan wadda ta fi kowace ƙasa samar da shi, kusan dukkansa harza ce mai narkewa. A ƙarshen 2021 hukumar nan ta Amurka ta amince a lissafa shi cikin harzar abinci, kuma ana niƙa shi a zuba a gwangwani a sayar kamar wanda muka saya. Haka ma garin 'ya'yan kuka, wanda Tarayyar Turai ta ba da izinin shigar da shi kasuwanninta a 2008. A buhu suke barin ƙasarmu da araha, in za su dawo kuma sai a gwangwani da tsada.

Da muka dawo makaranta sai muka ɗauki alƙalami muka yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a kullum, kuma ta ce daga abinci. Ƙaramin cokalin garinmu bai wuce giram 3 ko 4 ba. Kofin dafaffiyar farar shinkafa bai kai giram 1 ba, haka ma yankan farin burodi. Kofin dafaffen wake kuwa ya haura giram 10. Lissafin ya nuna mana cewa cokali ɗaya ko biyu na gari ba za su cike ramin da cimarmu ta haƙa ba, zanen aro kuma ba ya rufe katara. Bugu da ƙari, gari harza ce tsagwaronta, alhali wake da ganye da 'ya'yan itace suna tafe da sauran abubuwan gina jiki da ba a zuba su a gwangwani ba.

Saboda haka muka sake tsarin tukunya. Iya ta ƙullo mana kuka da busasshiyar kuɓewa da zogale, idan sun ƙare kuma akwai su a Sabo. Wake muka koyi jiƙa shi tun dare don ya rage cin wuta, muka mayar da shinkafa da wake abincin kwana uku a mako. Idan za mu kai niƙan dawa ko masara sai mu ce kada a surfe ta fes. Muka kuma sauke girman kai muka koyi cin abincin maƙwabtanmu Yarabawa, waɗanda miyarsu ta ewedu ashe lalo ce da muka sani a gida, ga dafaffen wakensu da ake sayarwa a kowace kusurwa. Lemo kuma muka daina tsotsewa mu yar da totuwar, muka koma cinye shi da ita.

Ba mu jefar da gwangwani ba, kuma ba za mu yi masa butulci ba, domin shi ya ɗaga Yaya a lokacin da ba ya iya jiran wake ya nuna. Har yanzu yana nan a kan kanta kusa da robar kuka. Mukan koma gare shi a makon jarrabawa idan girki ya gagara, ko a kan doguwar tafiya, ko da azumi, inda mukan dama shi bayan buɗa-baki lokacin da ake da sararin shan ruwa sosai. Akwai kuma waɗanda likita zai ce su riƙa shan sa kullum saboda lalurarsu, waɗannan su bi maganar likitansu. Abin da muka daina shi ne ɗaukar sa a matsayin lasisin ci gaba da cin farin abinci safe da dare.

Yaya ya sake rubuta takardar nazarin waƙa a zango na gaba, ya zauna daram a kan benci har aka ce a ajiye alƙalami, kuma shi ya zo na ɗaya. Da muka gaya masa za mu rubuta wannan labari a mujallar sashe, ya daɗe yana nazari, sa'an nan ya ce mu rubuta, in dai ba za mu kama suna ba, domin ya tabbata a ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen malamai akwai masu ɗaukar buta su daɗe, suna fitowa suna cewa lafiya lau. Idan mai karatu na cikinsu, muna roƙon sa ya leƙa tukunyarsa ya lissafa abin da ya ci jiya da shekaranjiya, in kuma ya ga jini ya nufi asibiti tun da wuri. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu gama karatu lafiya mu koma gida mu tarar da iyayenmu lafiya, amin.